Kalmar da Saude Ba Ta Faɗa

Ranar wata Asabar bayan la'asar, a ƙarƙashin rumfar kwano da ke bakin kanal, Malam Ishaq Lawan, sabon sakatare, ya kawo ƙarshen zamanin takarda a Rafin Ɗinya. Zamani ne mai dogon tarihi. Ya taso daga ƙasar Sin, ya ratsa Bagadaza da Tambutu, ya yi wa sarakuna da malamai hidima, amma a nan Allah ya yi wa'adinsa zai cika, tsakanin Kura da Bunkure, a gaban manoma masu taɓo a ƙafa, lokacin da sakataren ƙungiyar manoman rani ya ɓamɓaro wata 'yar takarda daga ƙofar ɗakin inji ya yayyaga ta.

Takardar dai ba ta rasa laifi ba. A jikinta aka rubuta kalmar sirrin injin sola na ƙungiya, wanda ke jawo ruwa daga rijiyar burtsatse ya shayar da gonakin ƙarshen layi, inda ruwan kanal kan iso a gajiye, in ma ya iso. Da waya ake kunna injin, da waya ake kashe shi. Tsohon sakatare ya rubuta kalmar da manyan baƙaƙe ya manna a ƙofa don kada a manta, kuma ba a manta ba. Kowa ya haddace ta, har mai shayin bakin gada. Sai ya zama injin kan tashi da kansa a ranar da ba rabon kowa ba ce, ruwan kuma ya bi hanyarsa, cikin ikon Allah, zuwa gonar mutum guda.

Sabon tsarin ba shi da wannan rauni. Duk kalmomin sirrin ƙungiya, na inji da na rajistar iri da na sauran abubuwa, sakatare ya zuba su a wata manhaja a cikin wayarsa, wadda ya kira rumbu. Rumbun yana da babbar kalma guda, amma ba ya ma buƙatarta kullum, domin da babban yatsansa yake buɗewa.

"Ɓarawo sai dai ya yanke mini yatsa," in ji shi, ya ɗaga yatsan sama.

Malam Tambaya, shugaban ƙungiya, ya dubi yatsan na ɗan lokaci, ya ce Allah ya kiyaye.

Saude ba ta halarci wannan taro ba, a bakin mata masu turara shinkafa ta ji labarinsa. Ita ta haifi sakataren. Ba ta kiransa Ishaq, ba ta kuma kiransa komai. Ranar suna Isiyaku aka raɗa masa, jami'a ce ta dawo da shi Ishaq, da wani harafi a ƙarshe wanda Saude ba ta taɓa gamuwa da shi a ajin yaƙi da jahilci ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma tun ranar da aka yanka ragonsa sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. In da shi take magana, kai ne. In da ƙannensa ne, yayanku. In da mutanen gari ne, sakatarenku. Akwai wani dillalin shinkafa daga Garun Malam da ya yi rashin sa'ar amsa sunan, ya shekara da shekaru yana sayen kayanta a matsayin "mai sunan wancan". Matan yanzu suna kiran 'ya'yansu na fari gatsal, su rungume su a gaban mutane, har su ɗauki hoto. Saude ba ta ce sun yi laifi ba. Takan kawar da kai ne kawai, kamar yadda ake yi in an tarar da mutum yana wanka a kanal.

Washegari da hantsi tana baza shinkafa a kan tamfol, sai ga sakataren ya shigo da kwamfuta a hammata.

"Inna, aiki zan ba ki."

"Ka ga na rasa ne?"

Ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna, ya yi mata bayani a hankali da murya irin ta masu wayar da kai. Rumbun yana bukatar ƙofa ta biyu. In wata rana mabuɗin ya ɓace, akwatin saƙon wani amintacce za a aika wa sabo. Ya duba ƙungiya kaf, ya ga ita ce ta fi dacewa.

"Ba ki da gona a ƙarshen layi, ba ki kuma san abin da ake yi da shi ba."

"Na gode da yabo."

Ya buɗe mata akwatin imel, ya juyo da kwamfutar gabanta. "Yanzu ki zaɓi kalma. Kada ki rubuta ta a takarda. Kada ki faɗa wa kowa, ko ni. Ki zaɓi abin da ba za ki taɓa mantawa ba, wanda kuma ko an kira ki an ce daga banki ne, ko daga Makka, ba zai fito daga bakinki ba. Duk abin da kika danna, ɗigo-ɗigo zai koma, ba mai gani."

Ya juya mata baya, kamar yadda ilimi ya tanada.

Saude ta dubi ƙeyarsa. Har yanzu akwai wannan ɗan lanƙwasa a bayan wuyan, inda take shafa masa man kaɗe yana jariri. Ta bi sharuɗɗan nasa ɗaya bayan ɗaya, ta ga a duk duniya kalma guda ce ta cika su. Ta goge hannu a zane, ta shiga farautar baƙaƙen da yatsa ɗaya. Ta rubuta isiyaku. Da ta ga ba mai kallo, kuma lallai abin ɗigo-ɗigo yake komawa, sai ta ƙara baƙaƙe biyu: na. Na'urar ta ƙi karɓa, ya ce mata sai da lamba ba tare da ya juyo ba, ta danna ɗaya, don ita ta fara gani.

Na'urar ta karɓa ba ta ce komai ba. Saude ta ji ta burge ta. Ba ta taɓa haɗuwa da wanda zai ji magana irin wannan ya ƙi ɗaga kai ba.

Gaskiya a faɗe ta, tsarin ya yi aiki. Inji ya daina tashi da kansa. Ruwa ya koma bin layi, mutumin nan guda ya koma jiran ranarsa kamar sauran bayin Allah, rigimar da ake kai wa mai unguwa kowane mako ta mutu. Sakatare ya ƙara faɗin kafaɗa, kuma ba wanda ya ga laifinsa sosai.

Da zafi ya fara shigowa, yanar da ta daɗe tana rufe idanun Saude ta kai inda ba ta iya bambance tsakuwa da shinkafa. Aka yi mata aiki a ido ɗaya a Kano, aka rufe shi da auduga da filasta, ɗayan kuma yana nan cikin hazonsa yana jiran nasa layin. Ta sauka a Kumbotso gidan 'yarta Mansura don ta yi jinya. Sakatare bai samu ya raka ta ba, kuma uzurinsa karɓaɓɓe ne. An rufe kanal don gyara daidai lokacin da aka gama dashen shinkafar rani, duk ƙarshen layi ya koma dogaro da injin nan kaɗai.

Tana kishingiɗe wajen azahar wayar Mansura ta yi ƙara. Mansura ta sa ta a lasifika ta ajiye kan tabarma.

"Inna, ya ido? Ya jikin? An tashi lafiya? Ya idon?"

Saude ta tashi zaune. Ɗanta ba mutum ne mai gaisuwa sau biyu ba. Tana kuma jin muryoyin maza a bayansa, irin muryoyin da ake yi a gidan rasuwa kafin a fito da gawa.

"Da sauƙi. Me ya faru?"

"An ɗan samu matsala ce ta fasaha."

"Wayar ce ta faɗa ruwa ko?" in ji Mansura.

"Wa ya gaya miki?"

"Muryarka, Yaya."

Haka ne. Yashi ya toshe bututu, inji ya kashe kansa kamar yadda aka yi shi ya yi. Sakatare ya sunkuya kan kwatamin da ruwa ke taruwa don ya duba, wayar ta sulale daga aljihun gaba. An tsamo ta, an binne ta cikin buhun shinkafa, abin da garin ba ya rasawa, amma ba ta farfaɗo ba. An share bututun tun jiya, sai dai injin ba zai tashi ba sai an shiga da kalmar sirri. Kalmar tana cikin rumbu, rumbun kuma ba ya sanin yatsansa a wayar wani. Kamfanin da ya kafa injin ya ce zai turo ma'aikaci mako mai zuwa, in Allah ya so.

"To babbar kalmar taka fa?" Mansura ta tambaya.

"Na zaɓi mai ƙarfi sosai."

"Har ta fi ƙarfinka."

Bai kula ta ba. "Inna, sun aika sabon mabuɗi akwatinki. Ga kwamfutar a gabana. Kalmar nan da kika sa, ita nake so."

"Ka ce ko kai kada in faɗa wa."

"Na ce."

"Ka ce ko daga Makka aka kira."

"Inna, daga Rafin Ɗinya ake kira."

Wata murya ta matso kusa da wayar. "Inna Saude, Tambaya ne. A taimaka. Ƙasa ta fara tsattsagewa, ganye ya fara naɗewa. In rana ta sake dukan dashen nan gobe, sai dai a kira Fulani su shigo da shanu."

Saude ta san gonakin nan ɗaya bayan ɗaya, domin shinkafarsu take turarawa. Ta san ta Bilkisu, wadda mijinta ya rasu bara, ita da 'ya'yanta mata suka yi dashen da hannunsu. Ta san yadda dashe yake in ya ji ƙishi, sai ya tsaya kamar allura. Ta kuma san abin da za a kira ɗanta a garin nan har ya tsufa in shinkafar ta ƙone. Ta juya fuskarta inda take jin numfashin Mansura.

"Ce masa sunan mutum ne."

"Wane mutum?"

"Wanda ke magana. Da ɗaya a ƙarshe."

"Yaya, wai sunanka ne, da lamba ɗaya."

Aka ɗan yi dariya a can, dariyar samun sauƙi. Malam Tambaya ya ce to ai shi ke nan, ko ba komai sakatare ya san sunansa. Aka ji ƙarar dannawa, sai shiru.

"Ya ƙi."

"Me ka rubuta?"

"Sunana mana. Ishaq."

"Yaya, a gidanmu wa ya taɓa sanin wannan mutumin?"

Ya yi gyaran murya. Ya ce daga yanzu kowa ya nutsu, domin na'urar ta ce in aka yi kuskure sau uku za ta kulle, sai bayan kwanaki, shinkafa kuwa ba ta da kwanakin. Ba zai yi kirdado ba. Isyaku ne ko Isiyaku? Akwai masu sa h. Akwai masu ninka k.

"Ba ni takarda da biro," in ji Saude.

"Takarda kuma?" wani ya ce daga can, aka sake 'yar dariya. Sakatare bai shiga ciki ba.

Mansura ta ɓarke kwalin maganin ɗigawa a ido, ta shimfiɗa shi kan faranti, ta sa mata biro a hannu ta ɗora hannun a gefen kwalin. Saude ta yi rubutu cikin duhu. Baƙaƙen farko sun fito manya-manya, suna hawa suna sauka kamar kunyar da makaho ya yi. Da ta iso kan biyun ƙarshe sai hannun ma ya ji nauyi, ya ƙanƙance su, suka hau kan wanda ke gabansu.

Mansura ta karanta baƙi bayan baƙi. "Isiyaku ne, Yaya, da i bayan s. Sai wani ɗan zane, kamar biron ya zame. Sai ɗaya."

Saude ta buɗe baki ta ce ba zamewa ba ce, amma kafin maganar ta sami hanya ya riga ya danna.

"Ya ƙi."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ta ji wani yana salati a hankali. Wani kuma ya ce, da muryar da yake zaton ba ta kai waya, ai tsufa ne, wataƙila ta manta.

"Ban manta ba," in ji Saude.

"To mene ne, Inna?"

"Akwai ƙari."

"Ƙarin me?"

"Na."

"Na me? Na wa? Na ɗaya kike nufi? Kafin lambar ko bayanta? A haɗe ko a rabe?" Layin ya ɗan karkatse ya dawo. "Inna, saura guda. Ba zan taɓa komai ba sai kin faɗe shi daga farko zuwa ƙarshe, yadda kika sa shi."

Saude ta ji kwalin ya motsa a kan farantin, ta ji numfashin Mansura ya tsaya sannan ya ci gaba. Ta san ta gane. Ta jira ta ji ko za ta faɗa, tana fatan ta faɗa, tana kuma fatan kada ta faɗa a gaban mazan nan. Mansura ta cire wayar daga lasifika, ta danƙa mata a tafin hannu, ta ce kamar tana jin ƙauri daga madafa. Ba a ɗora komai a wuta ba. Labulen ƙofa ya motsa, ɗakin ya zama nata ita kaɗai.

Ta kai wayar kunne. "Su wa ke wurin?"

"Mutane ne."

"To."

Ba ta ƙara ba. Ya daɗe yana jira, kuma a karon farko tun da ya dawo daga jami'a bai cike shirun da bayani ba. Sai ta ji takun ƙafa a kan busasshen taɓo. Wani ya ce, "Sakatare, ina zuwa?" Ya ci gaba da tafiya. Muryoyin suka yi ta nisa har suka ɓace, sai iska da kukan kurciya.

"Ni kaɗai ne, Inna."

Ba wanda zai hukunta ta, ta sani. Ba zunubi ba ne, ta taɓa jin malami ya faɗa a rediyo. Surukarta da za ta harare ta ta daɗe a ƙasa, haka mijinta. Abin dai nata ne. Mace kan sami kwano guda a ɗakinta wanda ba a cin abinci a ciki, ba don ya fi sauran tsada ba, sai don ita ta ce wannan ba za a taɓa shi ba. Shekara talatin da wani abu tana goge nata tana mayarwa. Yanzu ga shi za a ɗebi ruwan ban shinkafa da shi.

Ta jiƙa leɓe. Muryar ta fito kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Isiyakuna." Ta yi sauri ta ɗora masa murfi. "Da ɗaya."

Kurciyar ta yi kuka ta sake yi. Sannan ta ji yana dannawa, a hankali, baƙi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ita ta yi.

"Duka ƙananan baƙaƙe?" Muryar ba ta sakatare ba ce.

"Ban san inda manyan suke ba."

Ya danna na ƙarshe.

"Ya buɗe." Ya ja numfashi. "Inna."

"Je ka kunna musu ruwa."

Ba ta ganin wurin kashewa, sai ta tura wayar ƙarƙashin filo ta kwanta a kai.

Bayan la'asar Mansura ta shigo da kunu, ta zaro wayarta, ta ce wata ƙawarta ta turo mata saƙon muryar da ke yawo a guruf ɗin ƙungiya. Ta kunna. Abin da aka fara ji ƙarar ruwa ce yana kwarara daga bututu, da hayaniyar mutane suna ta datse kunya suna buɗewa. Sannan sakatare ya hau, muryarsa ta dawo daidai. Ya sanar da 'yan ƙungiya cewa tsarin ya yi aiki kamar yadda aka tsara shi tun farko, ƙofa ta biyu ta tabbatar da amfaninta. Daga yau za a rubuta babbar kalmar rumbu a rufe ta cikin ambulan a ajiye wurin shugaba, kuma kada kowa ya ɗauka komawa baya ne, domin a ƙasashen da suka ci gaba ana kiran wannan kariya mai hawa biyu. Aka ji Malam Tambaya ya yi tari. A ƙarshe sakatare ya gode wa Allah da aka shawo kan matsalar ba tare da kowa ya yi asarar komai ba.

"Kin ji," in ji Mansura. "Ba wanda ya yi asarar komai."

"Na ji. Ruwan ya kai gonar Bilkisu?"

"Ita aka fara ba."

"Madalla."

Mansura ta juya kunun da ludayi don ya huce. "Yaya ya kira ni ɗazu. Ya ce gobe shi da kansa zai zo ya kai ki a cire audugar. Wai ba ya son a sa ki a adaidaita, hanyar akwai gargada."

Saude ta karɓi kofin ta riƙe, ba ta sha ba. Likita ya ce da an cire audugar za ta ga komai tangaran, har abin da ta manta kamanninsa. Shi ke nan, fuskarsa za ta fara gani, shi ma kuma zai ga tata.

"Ina babban mayafin nan nawa, mai kauri?"

"A wannan zafin, Inna?"

"Ɗauko ki goge mini shi."